Ƙarfi Bayan Shekara Hamsin: Jagora Ga Ma'aikatan Sharaɗa, Challawa Da Bompai

Ka ce wa mutumin da ya shekara talatin yana aiki a kamfanin fata a Challawa ko kamfanin roba a Sharaɗa ya fara motsa jiki, ka ji amsa: "Ni da nake wuni a tsaye a gaban inji, wane motsa jiki kuma ya rage mini?" In ka matsa, sai ya ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi kam ya riga ya bushe. Maganganun biyu suna da daɗin ji a majalisa, amma duk ba su da ƙafar tsayawa.

Aikin kamfani yana gajiyar da mutum, babu musu. Sai dai gajiya daban, ƙarfi daban. Wanda yake tsaye awa takwas ko goma sha biyu yana maimaita motsi guda ne da nauyi guda, galibi da ɓari guda na jikinsa, kuma ba hutu. Tsoka kuwa ba ta ƙaruwa sai an ɗora mata abin da ya ɗan zarce wanda ta saba, na ɗan lokaci, sannan a ƙyale ta ta huta, a kuma ci abinci. Shi ya sa za ka ga ɗan dako mai damtse sosai, amma ƙugu ya riƙe, gwiwa ta ƙi, ba ya tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa. Wannan ma ga masu aikin ƙarfi ke nan. Ina ga mai gadi da yake wuni a kan benci, da akawu, da mai kula da sito, da direban tirela da zai kwana biyu a bakin get yana jiran lodi? A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya binciki ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan, ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi, da suke wuni a zaune, a kan kwandastoci masu hawa da sauka a matakala. Mota ɗaya, hanya ɗaya.

Batun bushewa kuwa, gaskiya ne tsoka tana raguwa da shekaru. Daga wajen shekara 30 mutum yana asarar kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa duk shekara goma, in ya haura 60 abin ya ƙara sauri. Wanda ya shiga masaƙa a Bompai yana ɗan shekara 20 a 1985, kafin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da rashin wutar lantarki su fara rufe ƙofofin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, ya cika sittin a 2025. Amma raguwar tana da magani, kuma maganin yana ci har a tsufa tukuf. A 1990 wata likita a Amurka, Maria Fiatarone, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi da mutum goma a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, shekarunsu daga 86 zuwa 96. Mako takwas aka yi ana sa su ɗaga nauyi da ƙafa. Taran da suka kai ƙarshen gwajin, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari in aka yi matsakaicin lissafi. Ɗan shekara hamsin da biyar na Ja'en ko Dakata, jika ne a gaban waɗannan.

Duk wanda ya taɓa leƙa kamfanonin da aka rufe ya san ba aiki ne yake kashe inji ba, ajiya ce. Wanda ake kunnawa ana ba shi mai ya fi wanda aka lulluɓe da tamfol daɗewa. Haka jiki yake. Saboda haka lokacin da ya fi hatsari shi ne bayan sallama ko ritaya, sa'ad da zirga-zirgar mutum ta koma daga ɗaki sai masallaci sai majalisa.

Auna kanka tukuna

Nemi kujera mai ƙwari marar hannu, wadda tsayinta ya kai kamar inci 17, ka jingina ta da bango don kada ta zame. Zauna, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ka sa yaro ya duba maka agogo. Sau nawa za ka miƙe tsaye sosai ka koma ka zauna cikin sakan 30? A ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take aiki da shi, namiji ɗan shekara 60 zuwa 64 da ya kasa yin 14, ko mace da ta kasa yin 12, ƙafarsu ta yi rauni. Daga 65 zuwa 69 kuwa 12 ne ga namiji, 11 ga mace. Rubuta abin da ka samu a takarda tare da kwanan wata, za ka neme shi nan da wata uku. Sannan tsaya kusa da bango ka ɗaga ƙafa ɗaya, ka gani ko za ka kai sakan 10 ba ka dafa ba.

Ko ba agogo ma jiki yana faɗa. Tasowa daga sujada ta fara zama aiki, banɗakin tsugunno ya zama abin fargaba, hawa bayan babur sai an jira ka, murfin kwalba sai ka miƙa wa yaro.

Kafin ka ɗaga ko da bokiti ne da niyyar atisaye, je a auna maka jini. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana yawo da shi shekaru bai sani ba. Kemis da yawa suna da na'urar awo, haka ƙananan asibitocin unguwa. In awon ya kai 140/90 ko ya haura, ga likita, ka kama shan magani yadda aka tsara maka. Motsa jikin ma yana taimakawa wajen sauko da shi. In ya kai 180/110, kada ka ɗaga komai sai likita ya ba ka izini. Mai ciwon suga da yake allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide kada ya yi atisaye da yunwa, ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, ya sa takalmi rufaffe, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum. Ƙaba da gwaiwa sun yi yawa a cikin waɗanda suka daɗe suna dako, kuma kunya tana sa a ɓoye. Wanda yake da kumburi a mara ya fara zuwa wajen likitan tiyata. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko yake jin nauyi a ƙirji in ya yi sauri, ko ƙafarsa take kumbura, ya nufi Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano. Wanda ƙurar auduga ko warin sinadarin jima ya bar masa tari ko asma, a duba masa huhu, kuma abin shaƙarsa ya kasance kusa.

Mai ciwon gwiwa da ƙugu fa? Akwai sashen gashin ƙashi a manyan asibitocin nan da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma aikinsu ke nan koya wa mutum motsin da ya dace da ciwonsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, amosanin gwiwa ba dalilin zama ba ne. In tsokar cinya ta yi ƙarfi, tana rage wa gwiwa wahala, ciwon ya sassauta.

Kayan aiki

Ba sai ka biya kuɗin wata a gidan motsa jiki ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, daga nan lissafin ya zo da sauƙi. Babbar robar ruwa kilo ɗaya da rabi. Galan kilo huɗu ko biyar, gwargwadon girmansa. Ledar fiya-wata mai guda 20 kilo 10. Jarkar man girki mai lita 25, in ta cika da ruwa, kilo 25. A ganina babu abin da ya kai jarka, domin tana da mariƙi, kuma kana iya ƙara mata nauyi kofi-kofi. Samu guda biyu iri ɗaya, ka ja layi da maka a jikinsu daidai lita 5, 8, 10, har sama. Amma jarkar man girki ko ta ruwa nake nufi. Wadda aka zubo sinadarin kamfani a cikinta, ko kyauta aka ba ka, kada ta shiga gidanka, don wata rana yaro zai ɗebo ruwan sha da ita.

Sai tsohon tyub na babur ko na Adaidaita Sahu daga wajen mai faci. A yanke bakin iskar, a tsaga shi ya zama doguwar roba mai faɗin yatsa uku. Riƙa duba shi kafin ka ja, in ya fara tsagewa ka jefar, don in ya tsinke fuska yake nufa. Da benci, da bango, shi ke nan.

Ƙarfen nan da samari suke yi da siminti a gwangwanin fenti su soka masa rodi, bar musu kayansu. Ba ka san nauyinsa ba, ba ya raguwa, kuma wurin da ake ɗaga shi wurin gasa ne. Dattijon da ya je ya ce bari ya nuna wa yara yadda ake yi a da, yawanci wajen mai ɗori labarin yake ƙarewa.

Motsin da za ka yi

Fara da ɗumama jiki na minti biyar: zagaya tsakar gida da ɗan sauri, juya kafaɗu, kaɗa hannuwa, ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya.

Uban duka shi ne tashi-zauna, domin ƙarfin cinya da mazaunai shi yake raba tsohon da yake kai kansa banɗaki da wanda ake riƙewa. Tsaya a gaban benci ka ba shi baya, ka buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, yatsun ƙafa su ɗan kalli waje. Fara tura mazaunai baya kafin gwiwa ta lanƙwashe, ƙirji a ɗage, ka sauka a hankali kana ƙirga uku, ka taɓa bencin kawai ba tare da ka saki jiki ba, sannan ka danna ƙasa da dunduniya ka miƙe. Abu biyu za ka lura da su: kada gwiwoyi su faɗo ciki su nufi juna, kada dunduniya ta bar ƙasa. Saukar a hankali ita ce rabin aikin, masu faɗawa kan benci tim suna zubar da rabin ladar. In bencin ya yi maka ƙasa, ɗora matashi ko naɗaɗɗiyar darduma, ka riƙa rage tsayin mako-mako. In ya yi sauƙi, rungumi galan a ƙirji. Daga galan sai ledar ruwa. In gwiwa tana suka, rage zurfin saukar zuwa inda ba ta ciwo, ka tsaya nan har ta saba.

Na biyu shi ne ɗauko kaya daga ƙasa, kuma nan ne tsofaffin ma'aikata suke gardama, don kowa yana ganin ya iya. Yawancinmu da gadon baya muke ɗauka: ƙafa a miƙe, baya a gantsare ko a ƙudundune, kayan nesa da jiki, sannan a murɗa ƙugu a ajiye gefe. Shekara talatin na wannan shi ne ciwon bayan da ake ta shafa wa man zafi. Ga yadda ya kamata. Ajiye jarka mai lita 5 zuwa 8 tsakanin ƙafafunka, ba a gabanka ba. Ɗan saki gwiwa, ka tura ƙugu baya sosai har ka ji bayan cinya ya ɗaure, gadon baya a shimfiɗe daga ƙeya zuwa ƙugu. Kama mariƙin da hannu biyu, ka ɗaure ciki, ka miƙe da ƙarfin ƙugu da cinya, jarkar tana bin jikin ƙafarka. Ka mayar da ita ta hanyar da ta zo. In kana son sanin ko bayanka a miƙe yake, sa wani ya ɗora maka sanda a gadon baya: ta taɓa ƙeya, da tsakanin kafaɗu, da ƙashin ƙugu, kuma kada ta rabu da wuraren nan uku har ka sunkuya ka taso. Wanda ya koyi wannan ya ci riba biyu, don gobe a wajen lodi ma haka zai ɗauka. In za ka juya da kaya, juya da ƙafa, ba da ƙugu ba.

Sauran ba su da wuyar bayani. Tura: dafa bango da tafin hannu biyu daidai ƙirji, ja ƙafa baya kaɗan, jiki a miƙe sak, ka kai ƙirji kusa da bangon ka ture. In ya yi sauƙi koma kan dakali ko teburi mai ƙwari, daga baya benci. Ba dole ba ne ka taɓa kaiwa ƙasa. Ja: ɗaura tyub a jikin ƙarfen taga ko turke, ka kama bakin biyu, ka jawo gwiwar hannu baya har allunan kafaɗa su matso juna. Wannan shi ne maganin ranƙwafawar masu ɗinki, masu shirya kaya a kwali da direbobi, kuma ni da za a bar ni da na ce su yi shi ninki biyu na turawa. Sai ɗauka a tafi: jarka a kowane hannu, kafaɗu a baya, ka yi taku 20 zuwa 30 ka ajiye. Yana ƙarfafa riƙo da ciki da ƙugu gaba ɗaya. Jarkar da ba ta cika ba ruwanta yana kaɗawa, saboda haka tafi a hankali. A ƙarshe dafa bango ka yi ɗage a kan yatsun ƙafa ka sauko, sannan ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka sauya.

Kada ka riƙe numfashi. Yunƙuri da rufaffen maƙogwaro yana cilla hawan jini sama nan take, yana kuma tura ƙaba da basir. Fitar da iska lokacin da kake miƙewa ko turawa, ka shaƙa lokacin komawa. Dabara mafi sauƙi ita ce ka riƙa ƙirgawa da baki a fili, don mai magana ba ya iya riƙe numfashi.

Da zarar ka ji ciwo ko matsi a ƙirji, ko ciwon da yake gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko duhun gani, ko hakin da ya wuce aikin da ka yi, tsaya, zauna, a kai ka asibiti a ranar. Wannan ba wurin jarumta ba ne.

Nawa, kuma yaushe

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce babba ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ya kuma sami minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici kamar tafiya da sauri. Wanda ya kai 65 ya haɗa da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako saboda gudun faɗuwa. Zaɓi kwana biyu da ba sa bin juna, misali Lahadi da Laraba. Kowane motsi ka yi shi sau 8 zuwa 12, wannan zagaye ɗaya ke nan. Mako biyun farko zagaye ɗaya ya isa, ko da kana jin za ka iya fiye. Daga nan biyu, da hutun minti ɗaya ko biyu a tsakani, bayan wata biyu uku in jiki ya karɓa. Duka bai wuce rabin awa ba. Nauyin da ya dace shi ne wanda in ka gama kake jin saura biyu ko uku ƙarfinka ya ƙare. In ka gama kana jin za ka iya ashirin, wasa kake yi. In sai ka murtuke fuska ka karkace kafin ka kai takwas, rage ruwa.

Sirrin abin yana wajen ƙari. Duk ranar da ka yi 12 cikin sauƙi karo biyu a jere, ƙara lita ɗaya, ka koma takwas ka sake hawa. Wannan tsari har a asibiti an yi aiki da shi: wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ya bayyana shi a 1945 bayan ya yi amfani da shi wajen tayar da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta lita nawa, sau nawa. Mutumin kamfani ya san darajar rajista.

Tsamin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye ba komai ba ne, yana raguwa in an saba. Sukar da take cikin gaɓa, ko kumburi, ko ciwon da ya wuce kwana uku, wannan saƙo ne cewa an yi yawa. Cikin makonnin farko za ka ji ƙarfi ya ƙaru alhali damtse bai canja ba, saboda jijiyoyi ne suke fara koyon aikin. Tsokar kanta sai an yi wata biyu zuwa uku take nunawa. In zazzaɓi ya kwantar da kai, ko ka yi tafiya ta mako biyu, dawo da rabin nauyin da ka bari.

Minti 150 ɗin nan na tafiya da sauri rabin awa ne sau biyar, kuma hanyar zuwa aiki tana iya biya maka shi. Mai zuwa Challawa daga Panshekara, ko Bompai daga Dakata da Kawaji, ya sauka daga Adaidaita Sahu tun da sauran tafiyar minti goma sha biyar, ya ƙarasa da ƙafa, haka in an tashi. Saurin da ake so shi ne wanda kana iya amsa gaisuwa amma ba ka iya jan doguwar hira ba tare da ka ja numfashi ba. Bi gefen da kake fuskantar motoci, don titunan nan na tireloli ne, kuma ka kauce wa layin da hayaƙin janareto ko kwatar kamfanonin fata ta cika. Ranar hutu akwai Filin Mahaha ga mutanen Sharaɗa, da Filin Sukuwa ga na Bompai. Hawa Dutsen Dala a bar shi sai ƙafa ta yi ƙwari. Mai tara kuɗin Hajji kuma ya tuna sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar jifa.

Lokacin atisaye kuwa, bayan sallar asuba ya fi kowane lokaci, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafin Kano yake kai maki 40. Mai aikin dare kada ya sauko da safe ya hau ɗaga jarka. Ya yi barci tukuna, ya yi atisayen da yamma kafin ya koma. Da hunturu tsawaita ɗumama jiki, ranar da hazo ya yi kauri ka yi a cikin ɗaki. Da azumi a rage zuwa zagaye ɗaya, a yi shi awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki ko bayan asham, a sha ruwa sosai.

Ciki da kemis

Atisaye umarni kawai yake bayarwa, abinci ne yake ginin. Masana suna ba wa tsofaffi shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin, sinadarin da yake gina tsoka, a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai kilo 65 yana neman giram 65 zuwa 78. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, ka ga ashe sai an haɗa daga wurare da yawa. Nama ya yi tsada, amma Allah ya hore mana wake da waken suya da gyaɗa. In ka je wajen mai garau-garau a bakin get, ce mata ta fi yawaita waken. Awara, ƙosai, alale, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi a miya, kindirmo ko nono da fura ba tare da an cika sukari ba. Kuma a raba shi safe, rana da dare, maimakon shayi da burodi da safe, lemon kwalba da rana, sannan a jibgi tuwo da dare. Mai ciwon ƙoda shi kaɗai ne ba zai ƙara ba sai da shawarar likitansa.

Ga wata magana da ba a so a ji. Haɗin maganin gajiya da ake karɓa a kemis ko wajen mai tallan magani bayan an tashi aiki, yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki. Shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana tayar da hawan jini, yana cin ƙoda, kuma wankin ƙoda ba abin da albashin lebura zai ɗauka ba ne. Tiramol yana ɓoye ciwo ne har mutum ya yi wa kansa illa bai ji ba, ga kamu. Ƙwayoyin sha-ka-fashe, waɗanda galibi dexamethasone ne, suna kumbura fuska da ciki amma suna zaizaye tsoka da ƙashi, suna tayar da suga. Garin gina jiki na gwangwani da ake tallatawa a intanet kuwa, kuɗinsa ya fi amfani in an sayi kwanon wake.

Ga iyayenmu mata

Hajiya, duk abin da aka faɗa a sama har da ke, in ma ba ki fi buƙata ba. A da daka, da niƙa a dutse, da jan guga suna riƙe wa mata ƙarfinsu. Yanzu injin markaɗe da famfo da jikoki sun karɓe aikin. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yana saurin yin rauni, shi ya sa zamewa ɗaya a bakin rijiya take zama karayar ƙugu. Ɗaukar nauyi daidai gwargwado yana taimaka wa ƙashi ya riƙe ƙwarinsa. Ba sai kin fita ba: tsakar gida, da kujerar roba mai ƙwari a jingine da bango, da robar ruwa biyu sun isa farawa. In kika sami abokiyar zama ko ƙawar Islamiyya kuka riƙa yi tare, ya fi ɗorewa. Wadda haihuwa da yawa ta bar mata ɗigar fitsari in ta yi tari, ko jin nauyi a mara, ta fara gaya wa ma'aikaciyar jinya kafin ta ɗauki jarka. Matan da suke tsayuwar shirya alewa da biskit a kwali kuma su riƙe ɗagen dunduniya ko a bakin aiki ne, yana taimaka wa jinin ƙafa ya koma sama.

Masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago su ma da nasu. Na'urar awon jini guda ɗaya a ofishin ma'aikata, da wanda zai koya wa sababbin leburori yadda ake ɗaukar kaya, kuɗinsu bai kai na jinyar mutum ɗaya da bayansa ya riƙe ba.

Kai kuma Malam, za a yi dariya a unguwa, wannan ka sa a ranka. Wani zai ce Malam ya koma yaro, wani ya ce amarya ake shirin yi. Shiga soro ko ɗaki ka rufe ƙofa in kunya ta dame ka, ba a ce sai an gani ba.

Ku kuma 'ya'ya da jikoki, da ku nake. Tarbiyya ce ta sa da kun ga Baba ya ɗauko buta ko leda sai ku yi wuf ku karɓe, da ya yunƙura zai tashi sai ku kama hannunsa, in zai je masallacin bayan layi sai ku tayar da babur. Allah ya yi albarka, amma ku rage. Abin da ya fi ƙarfinsa ku ɗaukar masa, wanda yake iyawa ku bar masa. In kuna son ku yi masa hidima, ku kai shi a auna jininsa a wannan makon, ku wanke masa jarka biyu, ku tsaya kusa da shi kuna ƙirga masa.